Malam, tsoron tumbi bai isa ya hana ka barin taba ba

Cikin dukan uzurorin da masu shan sigari ke kawowa in an yi musu maganar bari, akwai ɗaya da ya fi sauran wayo, domin yakan zo ne sanye da rigar kula da lafiya. Mai shi ba zai ce maka ya kasa ba. Cewa zai yi: "In na bari ƙiba zan yi. Dubi wane, tun da ya bari tumbi ya fito masa. Mu kuma a gidanmu akwai ciwon suga." Shekarun baya da wuya ka ji irin wannan magana a ƙasarmu. Yanzu kuwa kana jin ta a bakin malaman makaranta, da ma'aikatan gwamnati, da masu shago, tun daga Gidan Rumji, ka bi kwalta ka wuce Maraɗi, har Cadawa da Agye da Gazawa. Mutane ne da aikinsu ya koma na zama ko na tsayuwa gaban allo, waɗanda suka ajiye keke suka hau babur, kuma kowannensu ya ga wani nasa da suga ko hawan jini ya kwantar.

Rabin maganarsu gaskiya ce, kuma bai kamata a rufa musu ita ba. Yawancin wanda ya bar taba yakan ƙara nauyi. Sauran rabin, wato cewa saboda haka gara a ci gaba da sha, shi ne ba ya tsayuwa in an ɗora shi a ma'auni.

Ga abin da aka auna. A shekarar 2012 mujallar likitoci ta Ingila mai suna BMJ ta buga wani nazari da masu bincike na Faransa da Ingila suka yi, inda suka tattara sakamakon bincike 62 a kan mutanen da suka bar taba. Sun sami cewa bayan wata ɗaya mutum kan ƙara kamar kilo 1, bayan wata uku kusan kilo 3, bayan shekara guda tsakanin kilo 4 da 5. Mafi yawan ƙarin yana zuwa ne a watanni ukun farko, daga nan sai ya yi sanyi. Wannan matsakaici ne kawai. A cikin mutum 100, kamar 16 ramewa ma suka yi, 13 kuma suka ƙara fiye da kilo 10. A lura, akasarin waɗanda aka auna mutanen Turai da Amurka ne, masu mota da firji cike da abinci. Manomin Gangara da ke yini da hauya a hannu ba irin rayuwarsu yake yi ba, kuma ba na jin kilo biyar za ta same shi da sauƙi. Amma darektan makaranta da ke zuwa aiki a kan babur, ya yini zaune, ya dawo ya zauna a fada har dare, ya fi kusa da su fiye da yadda yake zato.

Dalilin ƙarin ba asiri ba ne. Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana danne yunwa, kuma yana ɗan hanzarta yadda jiki ke ƙona abinci ko da mutum na zaune. In an janye shi, yunwar da aka danne sai ta dawo, jiki kuma ya koma ƙona abinci daidai yadda aka halicce shi. Bayan haka harshe da hanci sukan farka. Wanda ya shekara ashirin yana shan hayaƙi, in ya yi mako guda da bari, sai ya ji miyar kuka da daddawar da ya saba ci kullum ta yi wani ɗanɗano da ya manta akwai shi, sai ya ƙara loma. Sannan ga hannu da baki da suka saba da aiki sau goma ko ashirin a rana. Ba su san an yi ritaya ba, dole su nemi abin yi, kuma abin da ya fi kusa da su a teburin mai shayi ko na mai sayar da sigarin shi ne alewa da biskit da lemon kwalba.

To, wannan ke nan gefe ɗaya na ma'auni: kilo huɗu zuwa biyar. Me ke ɗaya gefen?

A 1951 wasu masu bincike a Ingila, cikinsu har da Richard Doll, suka fara bin diddigin dubban likitocin ƙasar, masu shan taba da marasa sha, suka bi su har shekara 50. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna cewa wanda ya ci gaba da sha yakan riga marar sha mutuwa da kimanin shekara 10. Wanda ya bari yana ɗan shekara 40 yakan ceto kamar 9 daga cikin goman nan, mai shekara 50 ya ceto 6, mai shekara 60 ma ya ceto 3. Rai da ajali na Allah ne, wannan ba mai gardama. Amma mu ne dai muke kai yara allurar rigakafi, mu ne muke ɗaura gidan sauro da damina, don haka mun yarda akwai sababi. Malami mai shekara 40 da ke da ɗa a ajin farko na firamare ya lissafa da kansa: shekara tara ita ce tazarar da ke tsakanin ya bar yaron yana koleji da ya ga aurensa.

Mai gardama zai ce, ai waɗancan likitocin ba a duba ƙibarsu ba. An duba ta wasu. A 2018 masu bincike na jami'ar Harvard a Amurka suka buga nazarin da suka yi a kan mutane sama da dubu 100 da aka bi shekaru masu yawa, kuma abin da suka gano ya ƙunshi labari marar daɗi da mai daɗi. Marar daɗin shi ne, waɗanda suka bar taba suka yi ƙiba, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ɗan hau na wani lokaci, ya kai ƙololuwa tsakanin shekara 5 zuwa 7 bayan bari, sannan ya riƙa sauka. Waɗanda ba su ƙara nauyi ba, ba a ga wannan hauhawar a wurinsu ba. Mai daɗin shi ne, haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini, da haɗarin mutuwa gaba ɗaya, ya ragu ga waɗanda suka bari, har da waɗanda suka ƙara fiye da kilo 10. Wato ko wanda ƙibar ta fi yi wa illa ya fi mai ci gaba da sha tsira.

Shi kuma mai cewa "a gidanmu akwai suga", ya faɗi babban dalilin da ya sa ya kamata ya riga kowa bari, bai sani ba. Shan taba shi kansa yana ƙara haɗarin ciwon suga da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, domin nikotin na sa jiki ya ƙi amsa kiran sinadarin insulin yadda ya kamata. Wanda kuma ciwon ya riga ya kama, hayaƙi na ƙara tsuke masa ƙananan jijiyoyin jinin da suga ke ci, na ƙafa da na ido da na ƙoda. Duk wanda ya taɓa jinyar mai suga da gyambon ƙafa ya ƙi warkewa ya san abin da ake nufi.

Akwai wani abu kuma da sikeli ba ya faɗa. Mai shan taba zai iya zama siriri a hannu da ƙafa da fuska, amma kitsen da yake da shi ya fi taruwa a cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, kuma wannan shi ne kitsen da ya fi haɗari. Saboda haka ma awon ƙugu ya fi awon kilo amfani. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da wata shawara mai sauƙi a 2022: kewayen cikinka kada ya kai rabin tsawonka. Ba a buƙatar sikeli ko likita. Ka sami igiya, ka yanke ta daidai tsawonka daga tafin ƙafa zuwa ƙoƙon kai, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka ɗan sama da cibiya. In bakinta biyu sun haɗu, kana cikin iyaka. In sun ƙi haɗuwa, akwai aiki a gabanka, ko kana shan taba ko ba ka sha. Masu sha da yawa da ke tsoron tumbin gobe, in suka gwada igiyar nan yau, za su ga ya riga ya iso.

Ita kanta maganar cewa sigari na hana ƙiba, ba daga asibiti ta fito ta bazu ba, daga masu talla ta fito. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin da ke yin sigari mai suna Lucky Strike a Amurka ya cika jaridu da tallan da ke gaya wa mata su kunna sigari a maimakon su sha alewa, don jikinsu ya tsaya siriri. A 1968 wani kamfanin ya fito da Virginia Slims, sigari dogo siriri da aka yi wa suna da siffa don mata. Mu taba ba baƙuwarmu ba ce. An noma ta a fadamun Gulbin Maraɗi tun zamanin kakanni, tsofaffi sun sha lofe, sun cusa taba gari da kanwa a leɓe, mata sun goge haƙora da fure. Sigari ma ya daɗe yana ratsa Maraɗi zuwa Najeriya, har Emmanuel Grégoire ya ba wannan fatauci gurbi a littafinsa na 1986 a kan Alhazan Maraɗi. Amma ba a taɓa sayar mana da taba da sunan maganin ƙiba ba, don a wurinmu ƙiba ba abin gudu ba ce. Wanda ya dawo daga ci-rani ya yi kumatu, cewa ake ya yi kyau, wurin ya karɓe shi. Wanda ya rame kuwa, tambayarsa ake ko lafiya. Har gobe akwai matan da ke sayen ƙwayoyin sa ƙiba a hannun masu tallar magani, suna jawo wa kansu hawan jini da suga. Tsoron ƙiba sabon baƙo ne a garuruwanmu, ya shigo ta ƙofa biyu: ta asibiti, inda yake da hujja, da ta wayar salula, inda samari da ƴan mata ke kallon jikin da ba irin nasu ba. Malamin koleji da ya ji ɗaliba ko ɗalibi na cewa sigari ko shisha na rage ƙiba, ya sani talla ce mai shekara kusan ɗari yaron ke maimaitawa.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya sa nake ganin wannan uzuri bai dace da bakin magidanci a jihar Maraɗi ba, ko da ya dace da bakin wani a Paris.

A nan, in ana maganar nauyin jiki, nauyin wa ya kamata ya hana mu barci? Binciken abinci mai gina jiki da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke gudanarwa ya sha nuna cewa fiye da rabin yaran jiharmu ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Wanda ya mallaki hankalinsa a 2005 bai manta layukan mata goye da yara a cibiyoyin tamowa ba, lokacin da ƙungiyar likitocin MSF ta buɗe wuraren jinya a jihar nan, kuma Agye da Gidan Rumji duk sun ga wannan aiki. Har yau uwaye da yawa a ƙauyukanmu sun san ɗan zaren awon nan mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa, ƙasa da milimita 115, a garzaya asibiti. Sai ya zama a gida ɗaya ana iya samun awo biyu. Uba na fargabar ƙugunsa ya ƙaru da ɗan yatsa biyu, damtsen autansa kuwa na neman ƴan milimita kaɗan ya fita daga rawaya.

Malamai, ga lissafin da ɗan ajin CM2 zai iya yi a kan allo. A ce karan sigari ɗaya dala biyar ne, wato 25 F, kuma mu ɗauki wanda ke shan kara goma a rana, wanda a cikin masu sha ba a ma ce masa ya yi yawa ba. A rana 250 F ke nan. A wata jika bakwai da rabi. A shekara 91,250 F. Kowa ya san kuɗin tiyar hatsi a kasuwar garinsu a wannan mako, sai ya raba ya ga tiya nawa ce. Ko a bar hatsi a ɗauki ƙwai: ko da ana sayar da shi dala ashirin da biyar, kuɗin sigarin rana ɗaya ƙwai biyu ne, kullum, ga yaron da aka yaye. Ko ƙuli-ƙuli da za a daka a zuba masa a kunu, ko wake, ko ɗan busasshen kifi a miya. A Bangaladash an yi irin wannan lissafi a 2001 a kan gidajen talakawa, aka nuna cewa kuɗin da ke tafiya ga taba zai iya fitar da miliyoyin mutane daga ƙarancin abinci. A Indunusiya kuma bincike a kan iyalai matalauta na birane ya gano cewa ƴaƴan uba mai shan taba sun fi fuskantar tamowa. Ba abin mamaki ba ne, aljihu ɗaya ne.

Kada a ce na ɗora tamowar jihar Maraɗi a kan masu shan sigari. Tana da iyaye da yawa: ƙarancin gona, fari, zazzaɓin cizon sauro, zawo, haihuwa kusa da kusa, rani mai tsawo. Akwai gidaje dubbai da ba a taɓa kunna sigari a cikinsu ba kuma yaransu na fama. Sai dai cikin dukan waɗannan, ruwan sama ba a hannun maigida yake ba, farashin taki ba a hannunsa yake ba, 250 F ɗin nan kuwa a aljihunsa take. Kuma ba kuɗin kaɗai ba ne. Hayaƙin da uba ke busawa a ɗaki yana ƙara wa yara ciwon haƙarƙari da tari da ciwon kunne, yana kuma sa mai ciki ta haifi jariri marar nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutane sama da miliyan 7 da taba ke kashewa kowace shekara, fiye da miliyan 1 ba su taɓa sha ba, shaƙa kawai suka yi. Yaranmu da uwayensu dama sun ishe su da hayaƙin itace a murhu, ba sa buƙatar ƙari.

Saura tambayar da ta fi amfani ga wanda ya yarda zai bari: ta ina kilon ke shigowa, kuma ta ina za a tare shi?

A ganina, a garuruwanmu ba ta tuwo yake shigowa ba. Ta butar shayi yake shigowa. Duk wanda ya zauna a fada ya san yadda ake yi: a ɗora buta a kan gawayi, a auna suga da ɗan kofin gilashin nan, a yi na farko mai ɗaci, na biyu, na uku wanda kusan ruwan suga ne zalla. Mai shan sigari ya saba haɗa kowane zagaye da kara ɗaya. Ranar da ya bari, zaman yana nan, abokai suna nan, wasu ma suna busa hayaƙi a gefensa, shi kuwa hannunsa ba kome. Sai ya nemi a ƙara masa kofi, sai a ɗora buta ta biyu, sai a aiki yaro ya sayo lemo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da babba zai sha a rana kada ya wuce kamar giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo guda ɗaya ta santilita 33 tana ɗauke da kimanin giram 35. Ka haɗa da shayin safe mai madara a wurin mai shayi, da sugan da aka zuba a fura ko kunu, da zagaye shida na fada, za ka ga an ninka iyakar tun kafin a yi sallar isha'i. Wanda ya kula da wannan ƙofa ɗaya ya tare wani kaso na ƙibar da yake tsoro. Ba a ce ya bar fada har abada ba, zumunci ne. Amma makonni biyu ko uku na farko, gara ya rage zama inda ake busa hayaƙi, in ya zauna kuma ya tsaya a kofin farko.

Abin da za a ba baki ya yi aiki da shi kuwa, Allah ya hore mana. Asuwaki ba ya sa ƙiba ko an yini ana tauna shi, ga shi yana goge dattin da taba ta bari a haƙora. Aya, wadda Agye da Gazawa da Cadawa suka yi suna wajen nomanta har ana lodinta zuwa Najeriya, tana da wuyar tauna, tana da ƙosarwa, cikin tafin hannu ɗaya zai ɗauke ka lokacin da sha'awar sigari ke buƙata ta wuce, don sha'awar takan taso ne ta yi ƴan mintoci ta kwanta. Cikin tafin hannu na ce, ba mudu ba, domin aya na da mai, kuma ɗanya ko jiƙaƙƙiya nake nufi, ba wadda aka soya da suga ba. Akwai goriba, akwai magarya, da rani akwai yalo da karas na lambu. Ruwa ma in an kurɓa a hankali yana kashe ƙaiƙayin maƙogwaro. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne ya sauya sigari da taba gari. Nikotin ɗin dai shi ne, an sauya masa ƙofa kawai, kuma yana cin dasashi da leɓe.

Sai tafiya. Malamin da ke koyarwa a cikin gari, tsakanin gidansa da makaranta bai fi tafiyar minti ashirin ba, ya bar babur a gida kwana uku a mako. Na san abin da za a ce, wai mushe guda yana tafiya a ƙasa kamar wanda albashi bai zo ba. A ce ɗin. Minti talatin na tafiya mai ɗan sauri a rana yana rage sha'awar tabar kanta, yana kuma ƙona wani abu daga cikin abin da nikotin ke ƙonawa a da.

Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne buɗe yaƙi biyu a rana ɗaya: a bar taba, a kuma shiga horon yunwa. Mai jin yunwa da ƙishin taba a lokaci guda, ɗaya zai ba shi kashi, kuma yawanci sigari ne ke cin nasara. A 2001 an yi wani gwaji a jami'ar Pittsburgh ta Amurka a kan mata masu son barin taba amma suna tsoron ƙiba. Wasu aka ɗora su a kan tsarin rage abinci, wasu kuma aka zauna da su ana taimaka musu su rage fargabar ƙibar, su yarda cewa ƴan kilo kaɗan ba masifa ba ne. Bayan shekara guda, kashi 21 cikin 100 na waɗanda aka rage wa fargaba ba su koma ga taba ba, a cikin masu rage abinci kuwa kashi 13 ne. Matan Amurka ne, ba mazan Tibiri ba, amma darasin na kowa ne. A fara da taba. Kwana ukun farko su ne masu zafi, bayan mako uku ko huɗu ƙunci da saurin fushi sukan lafa, yunwar ce ke daɗewa fiye da sauran. In an yi wata uku ƙafa ta tsaya, sai a juyo kan ƙugu da igiya. Watan azumi dama ce da ba a cika amfani da ita ba, tun da mai sha ya riga ya nuna wa kansa zai iya yini cur ba hayaƙi. Sai dai a kula da buɗa-baki, inda lemo da zoɓo mai suga da soye-soye ke taruwa.

Akwai magungunan da ke taimakawa, irin su cingam da filastar nikotin, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan jinyar masu son barin taba, inda ta ce haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya ya fi ƙarfi. Ba a kowane kantin magani na ƙauye ake samunsu ba, amma tambayar majo a asibiti ba ta cin kuɗi. Shayin rage ƙiba da ƙwayoyin da ake yawo da su a faranti ko a bayan keke ranar kasuwa kuwa, a bar wa mai su kayansa.

Uwargida, ke ma kina da hannu a nan, kuma hannunki ya fi na likita tsawo. In maigida ya bar taba ya fara cika, kada ki tare shi da "kai, malam, wannan tumbi fa?" ko da wasa ne. Maganar da aka yi cikin raha a tsakar gida ta sha mayar da mutum wurin mai tebur. Kada kuma murna ta sa ki ƙara masa mai a shinkafa da wake, ko ki cika masa kwano don ya ce abinci ya fara yi masa daɗi. Ki ƙara ganye, zogale da rama da yakuwa, ki rage suga a fura, ki bar sauran yadda yake. In kuma za ki iya, ki sa ya riƙa ba ki kuɗin sigarin a hannu kowace safiya, a san abin da aka saya da su, yara su gani. Abokan aiki a makaranta su ma haka: wanda ya bari ba ya buƙatar a riƙa auna shi da ido a ɗakin malamai, ba ya kuma buƙatar a miƙa masa kara "ɗaya kawai" ranar da aka yi taron ƙarshen shekara.

A makaranta dai maganar ta wuce ta lafiyar malami shi kaɗai. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, kuma tun ranar 15 ga Mayun 2006 muna da doka mai lamba 2006-12 da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, makarantu na ciki. Duk da haka har yanzu akwai inda ake kiran ɗalibi lokacin hutun ƙarfe goma a ba shi dala goma ya sayo wa mushe sigari. Yaron da aka aika sau ɗari ya san sunan kowane iri, ya san farashi, ya san mai tebur ba zai tambaye shi na wane ne ba. Wannan magana ce da kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye mata za su iya tayarwa a zamansu ba tare da an ci mutuncin kowa ba, kuma ranar 31 ga Mayu, ranar yaƙi da taba ta duniya, tana faɗowa kafin a rufe makarantu.

Mutum biyu ne kawai zan ce kada su tsaya ga shawarar da ke sama, su nufi asibiti. Na farko mai shan taba da ke alfahari da cewa shi ba ya ƙiba, alhali ramewa yake yi, ga tari ya wuce mako biyu, ga zufa da dare. Taba na ƙara haɗarin tarin tibi, ya je a gwada kakinsa. Na biyu wanda ya bari, nauyinsa ya haura da kilo goma ko fiye, ko yana fama da ƙishirwa da yawan fitsari da dare, musamman in akwai mai suga a danginsa. Wannan ya je asibitin gunduma da sassafe kafin ya karya kumallo, a gwada masa suga, a auna masa jini, ya kuma gaya wa likita ranar da ya bar taba.